Daga Yamai zuwa Tawa: yadda matuƙin jirgi ke haɗa labarin yanayi da na titin sauka kafin ya tashi

Tsakanin filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai da filin jirgin Tawa akwai tazarar kilomita kusan 370 ta sama, tafiyar da ƙaramin jirgi ke yi cikin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. A cikin wannan ɗan lokaci sararin Adar, yankin da Tawa take ciki, na iya sauyawa har matuƙin da ya bar Yamai da takarda mai cewa komai lafiya ya iso ya tarar ba ya ganin bakin titi. Wannan jagora na matuƙan ƙananan jirage ne da ɗaliban da ke koyon aikin, kuma abin da yake so ya dasa shi ne cewa labarin yanayi da labarin titin sauka lissafi guda ne. Iska ba ta da ma'ana sai an auna ta da fuskar titi, zafi ba shi da ma'ana sai an auna shi da tsawon titi da nauyin jirgi, haka ma ruwan sama sai an san halin kwaltar da ya zuba a kanta. Alƙaluman da ke nan na koyarwa ne, ranar tafiya kuwa littafin jirginka da takardun hukuma su ne abin dogaro.

Mataki na farko: san filin tun kana ƙasa

Kafin ka nemi labarin yanayi, buɗe littafin bayanan jiragen sama, wato AIP, wanda ASECNA, hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jiragen sama a Afirka, ke wallafawa domin ƙasashen da ke cikinta, har da Nijar. Sunan filin Tawa a takardun matuƙa DRRT ne, na Yamai DRRN, na Maraɗi DRRM, na Damagaram DRZR, na Agadas kuma DRZA. Ka haddace su, domin da waɗannan haruffa ake neman kowane rahoto. A sashen AD 2 na littafin, sakin layi na 2.3 ne ke faɗin lokutan aikin filin, na 2.11 ya faɗi irin hidimar meteyo da ake samu, na 2.12 ya faɗi tsawo da faɗi da ƙarfin titi, na 2.13 kuma ya kawo tsawon da aka amince a yi amfani da shi wajen tashi da sauka, wanda ake rubutawa TORA, TODA, ASDA da LDA. Sau da yawa waɗannan huɗun ba su zo daidai da tsawon kwaltar da ido ke gani ba, musamman idan an matsar da bakin sauka saboda gyara ko wani abu da ke tare hanya.

Titin Tawa guda ne, mai lamba 06 da 24, kwalta ce mai tsawon mita 2,150, filin kuma yana bisa tsayin kimanin mita 386 daga teku, wato ƙafa 1,270 in an cika lissafi. Lambar titi fuskarsa ce a kamfas an cire sifilin ƙarshe: mai sauka a 06 yana fuskantar digiri 60, arewa maso gabas, mai sauka a 24 kuma yana fuskantar digiri 240, kudu maso yamma. Wanda ya san iskar ƙasar nan zai gane hikimar shimfiɗa shi haka, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, iskar damina kuma daga kudu maso yamma, saboda haka a mafi yawan kwanakin shekara ɗaya daga cikin bakunan biyu yana kallon iska sosai. Iskar da ke gaban hadari ce ba ta bin wannan tsari, kuma za mu zo kanta.

Bayan littafin sai sanarwar NOTAM, wadda ke faɗin abin da ya sauya na ɗan lokaci: an rufe wani ɓangare na titi, fitilu ba sa aiki, wata na'urar jagora ta lalace, ko an hana ratsa wani yanki na sama. Littafin AIP ana sabunta shi ne bisa zagayen kwana 28, NOTAM kuwa tana iya fitowa da asuba ta fara aiki da hantsi. Matuƙan da suka yi aiki a 2023 ba su manta cewa an rufe sararin samaniyar Nijar ranar 6 ga Agusta aka sake buɗe shi ranar 4 ga Satumba ba, kuma ta NOTAM aka sanar da masu jirage. Ka karanta ta filin tashi, ta filin sauka, ta filayen da za ka iya karkatawa, da ta yankin sama na Yamai baki ɗaya. Sannan ka buga waya Tawa ka ji daga bakin mutum ko akwai wanda zai amsa maka a rediyo a lokacin da za ka iso, da kuma ko akwai irin man da jirginka ke sha, domin isansin jirage masu fistan yana da wuyar samu a filayen cikin ƙasa.

Mataki na biyu: karanta METAR har ka ga abin da mai lura ya gani

METAR rahoto ne na abin da aka gani aka kuma auna a filin a wani lokaci, ba hasashe ba ne. Ga misali da na tsara domin koyarwa, irin na safiyar watan Janairu:

METAR DRRT 150900Z 06014KT 1500 DU NSC 24/02 Q1015

Rukunin 150900Z na nufin ranar 15 ga wata da ƙarfe 9 na agogon UTC, wato ƙarfe 10 na safe a agogon Nijar, domin awa ɗaya muke gaba. Wannan awa ɗayar ta ruɗi ɗalibai da yawa, har wani ya ɗauki rahoton da ya tsufa a matsayin sabo. Rukunin 06014KT iska ce daga digiri 60 mai gudun not 14, kuma not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa. Lamba 1500 nisan gani ne a mita, DU ƙura ce da ta game sarari, NSC na nufin babu girgijen da zai dami tafiya, 24/02 zafin iska ne da ma'aunin raɓa, Q1015 kuma shi ne QNH, nauyin iskar da za ka saita a agogon tsayi.

Nisan ganin nan ya cancanci a tsaya a kansa. A filin da babu na'urar aunawa, mai lura ne ke fitowa daga ofis ya tsaya a wurin da ya saba, ya duba alamomin da ya san nisansu: tankin ruwa na unguwa kaza yana mita dubu da ɗari biyar, doguwar eriya tana mita dubu uku, wani tudu yana can kilomita takwas. Idan tankin ya bayyana eriyar ta ɓace, ya san inda zai sa lambarsa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idon tsohon ma'aikacin meteyo abin girmamawa ne, sai dai ka tuna cewa shi yana tsaye a ƙasa yana kallon gefe, kai kuma za ka zo daga sama kana kallon karkace ta cikin kaurin ƙurar.

Haruffan da matuƙin Adar zai fi cin karo da su ba su da yawa. HZ hazo ne, DU ƙura, SA yashi, BLDU ƙurar da iska ke ɗagawa sama da tsayin mutum, PO ƴan guguwar da ke murɗawa da rana tsaka a bazara, DS da SS kuma babbar iskar ƙura ko ta yashi. A damina sai TS na tsawa, RA na ruwa, SQ na iskar da ke tasowa farat ɗaya, da CB na baƙin girgijen hadari. Idan ka ga VV da lamba, sama ta rufe ke nan, mai lura yana faɗin iya nisan da yake gani a tsaye. CAVOK kuwa na nufin ana ganin kilomita 10 ko fiye, babu girgije ƙasa da ƙafa 5,000 ko ƙasa da mafi girman tsayin kariya na filin, babu girgijen hadari, babu wani yanayi mai damuwa. Ba ta cewa komai game da iska ko zafi, saboda haka ranar CAVOK ta watan Afrilu na iya zama ranar da jirginka zai fi shan wahalar tashi.

Rahoto ɗaya hoto ne kawai. Ka nemi na awa uku ko huɗu da suka wuce ka jera su, ka ga ko ganin yana ƙaruwa ko yana raguwa, ko iska na juyawa, ko QNH na sauka. Ka duba kuma ko an fitar da SPECI, rahoton musamman da ake yi idan abu ya sauya tsakanin lokutan da aka saba.

Mataki na uku: hasashe, da kallon gabas

TAF shi ne hasashen filin jirgi. A cikinsa BECMG na nufin yanayi zai koma wani hali ya zauna, TEMPO na nufin zai riƙa zuwa yana wucewa, kowane zuwa bai kai awa ɗaya ba, jimillarsu kuma ba ta kai rabin lokacin da aka ambata ba, PROB30 da PROB40 kuwa yiwuwar kashi 30 ko 40 cikin ɗari ce. A ra'ayina, matuƙin ƙaramin jirgi ya ɗauki duk TEMPO da ya faɗo a lokacin isowarsa tamkar abin zai same shi, ya shirya mai da filin karkatawa a kan haka. Tare da TAF ka karɓi taswirar TEMSI ta manyan abubuwan yanayi, da taswirar iska da zafi na sama, da duk wani SIGMET, wato gargaɗin mummunan yanayi, da ofishin sa ido na Yamai ya fitar game da hadari ko iskar ƙura. Idan kana Yamai, ka shiga ofishin meteyo da ƙafarka ka zauna da mai hasashe gaban hoton tauraron ɗan adam. Mafi yawansu sun fito ne daga EAMAC, makarantar koyon meteyo da aikin jiragen sama da ke nan Yamai, kuma minti goma da ɗayansu ya fi takarda goma amfani, domin zai nuna maka da yatsa inda ƙura ta tashi jiya da inda take yanzu.

Abin da ya kamata kowane matuƙin Nijar ya riƙe shi ne cewa matsalarmu daga gabas take zuwa, rani da damina. Ƙurar hunturu mafi yawa tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, iska ta kwaso ta ta biyo ta Bilma da Gigimi da Damagaram kafin ta iso Adar. Hadarin damina kuma yakan haɗu da la'asar a kan duwatsun Ayar ko can gabas, ya jeru ya zama layi, ya nufo yamma da gudun da yakan kai kilomita 50 a awa. Saboda haka rahoton Agadas da Damagaram da Maraɗi na yau shi ne labarin Tawa na anjima ko na gobe. Mai tashi daga Yamai zuwa Tawa kuma ya sani cewa yana tafiya ne ya tari abin da ke zuwa, gudunsa da gudun hadarin suna haɗuwa su cinye tazarar da ke tsakani.

Hunturu: hazo da yaudarar ido

Daga Nuwamba zuwa Maris hazo ne babban abokin gaba. Dokar tafiya da ido, wato VFR, tana neman ganin kilomita 5 da rufin girgije na ƙafa 1,500 kafin a tashi ko a sauka a filin da ke cikin yankin da hasumiya ke kula da shi, in ba an samu izini na musamman ba. Amma bin doka kawai bai isa ba, domin hazo yana share layin da ke raba sama da ƙasa, matuƙin da bai ƙware da na'urori ba sai ya karkata bai sani ba.

Na taɓa barin Yamai a watan Fabrairu da rahoton da ke cewa ana ganin mita 6,000 a Tawa. Da na wuce rabin hanya sai rana ta koma kamar farin faranti, ina iya kallonta ba tare da na runtse ido ba. Na iso bisa gari ina ganin rufin gidaje da layin hanyar mota ƙarƙashin fiffikena tas, har zuciyata ta kwanta. Da na juya na daidaita da titi na fara sauka, sai komai ya ɓace, gabana fari fat kamar an zuba garin gero a gilashi. Abin da ya faru shi ne daga sama ina leƙa ƙurar ne ta gajeren kaurinta, a kan layin sauka kuwa ina kallonta ta tsawonta. Na ƙara wuta na koma sama, na duba mai, na juya Yamai. Rahoton da na riƙe ya kai awa uku da fitowa lokacin da na iso, kuma laifin nawa ne da ban nemi sabo ta rediyo ba tun ina hanya.

Akwai abubuwa biyu na hunturu da ba a cika koya wa ɗalibai ba. Na farko, da dare iska mai ƙarfi takan kwanta a ƴan ɗaruruwan mita sama da ƙasa alhali a ƙasa shiru ne, saboda haka mai tashi da asuba na iya cin karo da sauyin iska farat ɗaya yana cikin hawa. Da hantsi, idan rana ta ɗumama ƙasa, wannan iskar ke saukowa ta riƙa bugawa tana ta da ƙura, shi ya sa ganin ƙarfe 10 yakan fi na ƙarfe 7 muni. Na biyu, a watan Disamba rana tana faɗuwa wajen digiri 245, kusan daidai da fuskar titi na 24. Matuƙin da ya taso daga Agadas da yamma, ya tarar iska ta kwanta, zai so ya miƙe kai tsaye ya sauka a 24, amma rana a ido cikin hazo takan makantar da mutum daidai lokacin da yake neman auna tsayinsa da kwalta. Gara a zagaya a sauka a 06 rana na baya, ko da zai ci minti biyar.

Bazara: lissafin zafi

A Afrilu da Mayu zafin Tawa yakan wuce digiri 40 da rana, kuma iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun abin da yake so, farfela da fiffike ma haka. Ana auna wannan da abin da ake kira tsayin kaurin iska, kuma lissafinsa a kai yake yiwuwa. A ma'aunin da aka daidaita, zafi a bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, saboda haka a tsayin Tawa ya kamata ya zama kimanin 12.5. Idan ma'auni ya nuna 42, bambancin ya zama 29.5. Ka ninka shi da ƙafa 120, ka samu kusan 3,540. Ka haɗa da tsayin filin, sannan idan QNH ya sauka zuwa 1008 ka ƙara kimanin ƙafa 140, domin kowane hektofaskal ɗaya, wato ma'aunin nauyin iska, ƙasa da 1013 na ma'aunin da aka daidaita yana daidai da ƙafa 27 zuwa 30. Jimilla ta kusa ƙafa 5,000. Tayoyinka na kan kwaltar Tawa, amma jirgin yana aiki kamar yana bisa dutse.

Ga jirgi mai fistan da ba shi da turbo, ana ƙiyasta ƙarin kashi 10 cikin ɗari na tsawon gudun tashi a kowace ƙafa 1,000, wanda a misalinmu zai kai ƙarin kusan kashi 60. Mita 2,150 sun ishi ƙaramin jirgi ko da hakan, amma hawan da ke biyo baya ne ke ba da tsoro: jirgi cike da fasinja da kaya yana rarrafe, zafin inji na hawa, iskar rana kuma tana jijjiga shi. Ka buɗe teburin littafin jirginka ka fitar da lambar gaskiya, ka ƙara mata kashi ɗaya bisa uku domin kariya. Ka zaɓi wata alama a rabin titi, idan ka iso ta ba ka kai kashi 70 cikin ɗari na gudun tashi ba, ka rage wuta ka taka birki. Mafi sauƙin magani shi ne a tashi kafin ƙarfe 9 na safe, ko a rage kaya, kuma wannan ya fi zama dole ga wanda zai ci gaba daga Tawa zuwa wani gajeren titin jar ƙasa na ƙauye.

A ƙarshen bazara, lokacin da shamuwa ta dawo amma ruwa bai zauna ba, akan ga girgije mai zubo da gemun ruwan da ba ya isa ƙasa. Kada a bi ta ƙarƙashinsa. Ruwan da ya bushe a hanya yana sanyaya iska, ta faɗo da ƙarfi ta bazu, kuma zoben ƙura a ƙasa shi ne alamarta.

Damina: iskar gaban hadari da jiƙaƙƙen titi

Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a Agusta da ruwa ya fi yawa, yinin yakan fara da iska mai laushi daga kudu maso yamma, titi na 24 ne ke aiki. Sai la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif, sannan jan bangon ƙura ya taso. Iskar da ke cikinsa daga gabas ko kudu maso gabas take, kuma tana riga ruwa isowa da mintoci.

A nan ne lissafin iskar gefe ke shigowa. A ce mai kula da hasumiya ya ba ka iska daga digiri 110, not 25, tana bugawa zuwa 40. Tsakaninta da fuskar titi na 06 digiri 50 ne. Ƙa'idar da ake riƙewa a kai ita ce digiri 30 na ba da rabin ƙarfin iskar a gefe, digiri 45 kashi 70 cikin ɗari, digiri 60 zuwa sama kuma a ɗauka duka ne. A digiri 50 wajen kashi uku bisa huɗu ne, wato not 19 a zaune, not 30 idan ta buga. Iskar gefen da aka gwada ƙaramin jirgi Cessna 172 da ita not 15 ce, jirgin Caravan kuma not 20, saboda haka duka biyun an wuce iyakarsu. Wanda kuma ya riga ya daidaita da 24 bisa iskar da aka ba shi minti goma da suka wuce, wannan sabuwar iskar za ta zo masa ta baya da kusan not 26 idan ta buga. Ba a tsere da hadari zuwa titi. Ana ba shi tazarar mil 20 na ruwa, kimanin kilomita 37, a jira a gefe ko a karkata, kuma tunda layin yamma yake tafiya, wanda ya juya Yamai ya lissafa cewa abin na biye da shi. Maraɗi tana kimanin kilomita 250 daga Tawa, amma tana kudu maso gabas, sau da yawa ta inda hadarin ya fito, don haka zaɓen filin karkatawa na ranar damina ana yinsa ne gaban hoton tauraro. Mafi ƙarancin man ajiya da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ɗora wa ƙaramin jirgi shi ne na minti 30 ga mai tafiya da ido da rana, da na minti 45 ga mai tafiya da na'urori. A ƙasar da filayen kwalta ke da nisa haka da juna, ni ba na barin Yamai sai da man zuwa da na komawa da awa ɗaya a kai.

Bayan ruwa ya wuce sai tambayar halin titi. Tun ranar 4 ga Nuwamba 2021 ƙungiyar sufurin jiragen sama ta duniya ICAO, wadda muke kira OACI, ta fara aiki da tsari guda na faɗin halin titi, inda ake raba shi kashi uku a ba kowane kashi lamba daga 6 zuwa 0. Lamba 6 busasshe ne, 5 jiƙaƙƙe ne da ruwan da bai wuce milimita 3 ba, 3 jiƙaƙƙe ne mai santsi, 2 kuma ruwa ne kwance da ya wuce milimita 3. Idan ka ji 5/2/5, tsakiyar titin ce ke da ruwa, daidai inda za ka fi bukatar birki. Taya takan hau kan ruwa ta daina taɓa kwalta a gudun da ake samu ta ninka tushen murabba'in iskar tayar sau 9, wato taya mai iska 36 a ma'aunin PSI za ta iya sulɓewa daga not 54. Ruwan farko na shekara ya fi kowanne santsi, domin yana kwaɓa ƙurar wata bakwai da baƙin robar tayoyi.

Mataki na ƙarshe: isowa da sauka

Tun kana da sauran minti 20 ka kira filin ka nemi iska, gani, QNH da titin da ke aiki, ka rubuta, ka maimaita wa mai kula da hasumiya lambar QNH da bakinka. Ka tabbata QNH aka ba ka ba QFE ba, domin QFE na sa agogon tsayi ya nuna sifili a kan titi, kuma a tsayin Tawa bambancin biyun ya kai hektofaskal 45, wato kuskuren ƙafa 1,270 ga wanda ya musanya su. Idan babu mai amsawa, ka riƙa faɗin matsayinka da niyyarka a rediyo ga duk mai saurare, ka ratsa bisa filin ka duba buhun iska, ka ga inda ya nuna da yadda ya miƙe.

Wannan ratsawar tana da wani amfanin. A filayen cikin ƙasa akuya ko jaki ko kare na iya samun ɓarakar shinge, iskar dare na iya shimfiɗa yashi a gefen kwalta, da damina kuma ciyawa na jawo fara, fara ta jawo balbela da shirwa da shamuwa. Ka kunna fitilun sauka ko da rana ce. Ka sa wa kanka sharaɗi cewa idan ka sauko ƙafa 500 sama da titi gudunka ko layinka bai daidaita ba, ko tayoyinka ba su taɓa ƙasa cikin kashi ɗaya bisa uku na farko ba, za ka ƙara wuta ka sake zagayowa.

Da ka kashe inji, ka rufe takardar shirin tafiyarka, domin idan ba ka rufe ba za a fara nemanka. Ka faɗa wa ma'aikatan filin da na meteyo abin da ka gani a hanya: tsayin da ƙura ta tsaya, inda jirgi ya jijjiga, inda ka hango hadari, domin na bayanka da wannan labarin zai taso. Sannan ka toshe bututun auna gudu da bakin shan iskar inji saboda yashi da zanzaro, ka kulle sitiyari, ka sa wa tayoyi waigi, ka ɗaure fukafukai da wutsiya. Idan damina ce kuma jirgin zai kwana a waje, ka juya hancinsa gabas, da safe kuma ka tsiyaye ƙasan kowane tankin mai a kwalba ka ɗaga ta ga haske ka duba ko ruwa ya kwanta.